Sa Mai Tunkuyi da Direba Mai Ƙwaya: A Wuyan Wa Jinin Yake?

Karatu: Fitowa 21:28-32

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu har muka daina jin nauyinta. Idan mota ta kwashe masu talla a bakin hanya, ko ɗan acaɓa ya ƙwace ya faɗa ƙarƙashin tirela da fasinjansa, sai mu girgiza kai mu ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mu yi jana'iza, mu yi sujadar ta'aziyya, kowa ya koma harkarsa. A wani lokaci maganar gaskiya ce, gama akwai abin da yake faɗa wa mutum ba da saninsa ba, ba kuwa da sakacinsa ba. Amma mun faɗaɗa wannan mayafi har ya rufe mutumin da ya tsaya a tasha da asuba, ya haɗiyi ƙwayar tiramadol biyu ko uku, ya kora da shayi, ya zuƙi wiwi a bayan rumfa, sa'an nan ya ɗauki rayuka goma sha takwas ya kama hanya. Shi ma idan ya kashe, sai mu ce tsautsayi. Maganar Allah ba ta ce haka ba, dokar ƙasarmu ma ba ta ce haka ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙidaya mutum 5,081 da suka mutu a hanyoyin Nijeriya a 2023, da 5,421 a 2024. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga littafin hukuma. Gudun wuce kima da tayoyi masu sanƙo da ramukan hanya suna da babban rabo a ciki, ba mai musun wannan. Sai dai a aza wannan lissafi kusa da wani. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye waɗanda ba barasa ba ne a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe zafi irin su tiramadol. A cikin wannan shekara ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya cinye samari da matan aure. Mutanen nan ba a ɗaki suke wuni ba. Suna hawa babur, suna riƙe sitiyari, waɗansunsu kuwa sunayensu na cikin rajistar ikkilisiyoyinmu.

Abin da Musa ya bambanta

Shari'ar da Allah ya ba Isra'ila ba ta tara dukan kisa a kwando ɗaya ba. A Maimaitawar Shari'a sura 19 an kawo misalin mutum biyu da suka shiga jeji saran itace. Ɗaya ya ɗaga gatari, ruwan gatarin ya fice daga ƙota ya sami ɗan'uwansa, ya mutu. Babu gaba a tsakaninsu, babu abin da ya nuna masa haka za ta faru. Wannan mutum ba a kashe shi, an tanada masa birnin mafaka. Shi ne ainihin mai tsautsayi.

A nassin da muka karanta kuma ga mutum mai sa. San ya tunkuyi wani har ya mutu. Idan wannan ne karo na fari, san ne za a jajjefe, ba za a ci namansa ba, maigidan ya yi hasarar dabbarsa amma ba shi da laifin jini. To, sai nassin ya juya. Idan san ya saba tunkuyi, an kuwa ja kunnen mai shi, amma ya ƙi ɗaure shi, ya bar shi yana yawo har ya kashe mutum, sai hukuncin ya hau kan mai san da kansa, hukuncin kisa kuwa, in ba an yanka masa fansa ya biya ba.

Ku lura da kyau. Mutumin nan bai ƙi wanda ya mutu ba, mai yiwuwa ma bai san sunansa ba. Bai fita da niyyar kisa ba, ƙila yana gona sa'ad da abin ya faru. Abin da ya ɗora masa jini shi ne ya sani. An faɗa masa, ya gani da idonsa, ya auna wahalar neman igiya da turke, ya auna ran maƙwabcinsa, ya ga ran maƙwabcin ya fi araha. A gaban Allah sani da ƙin aikatawa ya isa ya mai da haɗari ya zama laifi.

Wane direba ne a ƙasar nan zai ɗaga hannu ya ce bai san abin da ƙwaya take yi ba? Ya ga abokinsa ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya bayan ya sha tiramadol mai yawa, gama wannan sananne ne a cikin illolin maganin. Likita kan rubuta mai miligiram 50 ko 100 ga mai ciwo, amma wanda ake sayarwa a faranti a tashoshi yakan kai 200 ko 225. Ya san kodin da ƙwayoyin barci suna kawo gyangyaɗi. Ya san wiwi na sa mutum ya kasa auna nisan abin da ke gabansa, ƙafarsa kuma ta yi jinkirin zuwa kan birki. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa guda. In ƙwaya ta sace wa direba daƙiƙa biyu kawai, ya riga ya wuce rabin filin ƙwallo idonsa a buɗe amma ba kowa a bayan sitiyarin. Matarsa ta yi masa magana, yaron motarsa ya yi masa, fasinjoji sun yi ta cewa direba a hankali. An ja kunnensa. Shi da kansa ne san, shi ne kuma mai san da ya ƙi ɗaurewa.

Na san abin da 'yan'uwanmu direbobi za su ce, kuma ya kamata a saurare su. Za su ce ba don nishaɗi suke sha ba. Mai mota ya yanka masu balas wanda ba ya samuwa sai an yi sawu biyu a inda ƙarfin mutum ɗaya ne. Wanda ya ɗauki babur ko Keke Napep a kan biya sannu sannu ya san in ya kasa mako biyu za a ƙwace, kuɗin da ya zuba kuma ya bi ruwa. Mai ɗauko doya daga Binuwai ko tumatir daga Filato zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya san in ya kwana a hanya kaya za su lalace, a ɗora masa. Sai ƙwaya ta zama ita ce barcinsa. Wannan duka gaskiya ne, bai kuwa wanke direba ba, sai dai ya jawo waɗansu cikin shari'ar. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da 'yar katanga, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya sauka a gidan. Mai gidan ba shi ne ya tura mutumin ba, amma shi ne ya yi ginin da faɗuwa ta zama da sauƙi. Dattijon ikkilisiya mai motocin haya biyar, wanda ya san babu yadda ɗan adam zai kawo masa wannan balas da ido biyu na halitta, ya kuwa kau da kai domin kuɗi na shigowa, ya gina soro ba katanga. Haka 'yar'uwa mai kemis da take miƙa wa samari ƙwaya ba takardar likita, ranar Lahadi ta fitar da zakka daga ribar. Baikon da aka ɗebo daga irin wannan ciniki, ban ga yadda zai yi ƙanshi a gaban Ubangiji ba.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Da yawa a cikinmu ba su san abin da doka ta ce ba sai ranar da aka kira su caji ofis. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta mai da tuƙi cikin maye laifi ne a kan kansa, ko ba a taɓa kowa ba, muddin barasa ko ƙwaya ta kai mutum ga kasa sarrafa motarsa yadda ya kamata. Hukuncin da aka rubuta a lokacin shi ne tarar naira 5,000, ko ɗauri har shekara 2, ko duka biyu. Tuƙin ganganci ta sa masa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 2. Wanda kuwa ya kashe mutum ta wurin tuƙin ganganci, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 7. Ba nan abin ya tsaya ba. Mai gabatar da ƙara yana iya tuhumar direba da kisan kai ba da niyya ba, a ƙarƙashin dokar manyan laifuffuka ta jihohin Kudu ko Final Kod ta jihohin Arewa, a duka biyun kuwa hukuncin na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Wanda kuma ya bugu da son ransa ba zai tsaya gaban alƙali ya ce a sake shi domin ba ya cikin hayyacinsa ba. Shi ya fitar da kansa daga hayyacin.

A nan dokar mutum ta bi sawun Musa ko ta sani ko ba ta sani ba. Amma zan faɗi ra'ayina a fili: tarar naira 5,000 ga wanda ya hau hanya a buge wasa ce da rai, ko a 2007 ma ba ta tsoratar da kowa ba. Akwai kuma wata ɓaraka. Na'urar busawa da jami'an hanya suke riƙewa barasa take ganewa, ba ta jin tiramadol, ba ta jin wiwi. Waɗannan sai an gwada jini ko fitsari, da wuri kuwa. In ba a yi gwajin ba, direban da ya kashe mutum huɗu cikin maye zai shiga kotu a matsayin wanda birki ya ƙwace wa. Masu bi da Allah ya kai majalisa, da lauyoyinmu da likitocinmu, ga aikin da ke jiran bakinku.

Yanzu ga wurin da ya fi yi mini nauyi, domin ya shafe mu shugabanni. Direba ɗan ikkilisiya ne, uwarsa tana cikin zumuntar mata, kawunsa dattijo ne. Ya take yaro ɗan makaranta, kowa kuwa ya san halin da yake ciki a ranar. Tun ba a binne yaron ba an naɗa tawaga. Za su je gidan makoki da buhun shinkafa da ambulan, a yi addu'a, a karanta nassi a kan gafara, sa'an nan a shigo da ainihin abin da ya kawo su: a je a janye magana a wurin 'yan sanda, kada arna su yi mana dariya, ai duk ɗaya muke. Uban yaron in ya yi jinkiri sai a fara raɗe-raɗin cewa zuciyarsa ta taurare. Gwauruwar da aka kashe wa miji, ga 'ya'ya biyar, sai a bar ta da zaɓi tsakanin hakkinta da sunanta na mai bi. Bayan wata uku ka ga direban a tasha yana lodi.

'Yan'uwa, wannan ba gafarar da Almasihu ya koyar ba ce. Gafara ita ce in sauke ƙiyayya, in bar ramuwa a hannun Allah, in yi wa wanda ya cuce ni fatan ceto. Wannan wajibi ne a kan kowane mai bi, ko da yake ba a tatsarsa da ƙarfi a rana ta uku ta makoki. Amma manzo Bulus da ya hana mu ramuwa a ƙarshen Romawa 12, shi ne a farkon sura 13 ya nuna inda Allah ya ajiye hukunci: a hannun mai mulki, wanda yake bawan Allah ne domin horon mai mugunta, ba kuwa don ado aka rataya masa takobi ba. Shari'ar kisa ba ta uban yaron ba ce shi kaɗai da zai yafe ta. Ta dukan jama'a ce, har da yaran da za su tsallaka wannan hanya gobe. Karin Magana 17:15 ta sa mai kuɓutar da mai laifi da mai hukunta marar laifi a layi ɗaya, ta ce Ubangiji yana ƙyamarsu duka. Fitowa 23:8 ta yi gargaɗi cewa toshiya tana makantar da mai ido. Ambulan da aka kai wa jami'i domin fayil ya ɓace toshiya ce, ko da fasto ne ya riƙe ta.

Wani zai ce, ai nassin namu ya yarda da fansa. Haka ne. Amma a duba yadda take. Mai san ba shi yake yanka wa kansa abin da zai biya ba, ɗora masa ake yi, a fili, bayan an tabbatar da laifinsa, ya kuwa biya dukan abin da aka ɗora, san kuma ba ya komawa kan titi. Wannan daban yake da sulhun dare wanda manufarsa ita ce kada a tabbatar da kome. Ku tuna da ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23. Ya amsa da bakinsa cewa hukuncin da ake yi masa daidai ne da aikinsa. Ubangiji ya karɓe shi a wannan rana, ya buɗe masa Firdausi, amma bai sauko da shi daga gungumen ba. An gafarta masa sarai, ya kuwa ƙarasa hukuncinsa.

Ba kowane haɗari ne yake kai ga kabari ba, waɗanda suka rayu kuwa su muka fi saurin mantawa. Wanda ya taɓa shiga asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, ko na Dala a Kano, ko na Inugu, ya ga magidanta kwance wata da watanni da ƙarfe a ƙafa, gona ta tafi, kuɗin makarantar yara ya tafi. Fitowa 21:18-19 ta ce wanda ya ji wa wani rauni har ya kwanta, sai ya biya shi kwanakin aikinsa da suka salwanta, ya kuma ɗauki jinyarsa har ya warke. Zakka, da ceto ya shiga gidansa, aljihunsa ne ya fara shaida. Direba da mai mota da suka ce sun tuba, a ga tubansu a wurin biyan kuɗin asibiti. Saboda irin wannan rana ce doka ta wajabta inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni, wadda tun 1 ga Janairu 2023 kuɗinta ya zama naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida. Mai bi da ya sayi takardar jabu a bakin ofishin lasin don ya wuce shingen 'yan sanda ya riga ya yi wa wanda zai buge sata tun bai gan shi ba.

Sai dai Allah da ya tsananta a kan jini, shi ne kuma ya hana taron gayya yanke hukunci. Birane shida aka keɓe, uku a kowane hayin Urdun: Kedesh da Shekem da Hebron, da Bezer da Ramot da Golan. An umarta a gyara hanyoyin zuwa can, domin wanda ya yi kisa ya isa kafin dangin mamaci su cim masa cikin zafin rai, ya tsaya gaban taron jama'a a bincika maganarsa. Samarinmu da suke ɗaukar duwatsu da fetur idan mota ta buge wani a unguwa, su sani suna ƙara jini ne a kan jini, sau da yawa ma ba su tsaya sun san ko direban mai gatari ne ko mai sa ba. Tsoron wannan ne yake sa direbobi gudu su bar mai rauni yana zubar da jini, alhali da an kai shi asibiti cikin awa guda da ya rayu. Aikin mai bi a irin wannan wuri shi ne ya ɗauki mai rauni, ya tsare direba daga duka, ya miƙa shi ga hukuma. Ya kuma san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake bukatar taimakon gaggawa.

Wanda ya shiga birnin mafaka ba ya fita sai babban firist ya mutu, in ji Littafin Ƙidaya sura 35. Ko marar niyya ma ya rabu da gonarsa da garinsa, ƙila shekaru masu yawa, gama ran mutum ba abin da ake sharewa da haƙuri kawai ba ne. Mu kuwa muna da Babban Firist wanda ya riga ya mutu ya tashi, jininsa ya isa ya wanke har wanda ya kashe mutum cikin maye. Wannan bishara sai an kai ta gidan yari da ƙafa. Tawagar nan da ta iya zuwa caji ofis roƙo, ta iya zuwa kurkuku ziyara kowane wata, ta ɗauki nauyin matar direban da 'ya'yansa waɗanda ba su yi laifin kome ba, ta kuma riƙe gwauruwar da marayunta shekara da shekaru, ba buhu ɗaya na ranar makoki ba.

Kai kuma ɗana, da kake karanta wannan da ƙwaya a aljihun wandonka, har yanzu ba ka taɓa kowa ba. Na san jikinka ya riga ya saba, ranar da ba ka sha ba sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci. Wannan ciwo ne mai magani, kada kuwa ka yanke shan tiramadol farat ɗaya kai kaɗai, ka nemi likita ya sauke ka a hankali. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Yaba a Legas, da Aro a Abekuta suna karɓar masu wannan matsala, zuwa can kuwa ba hauka ba ne. Ka sami fastonka ko wani dattijo da ka amince da shi ka faɗa masa. Fasto kuma, in yaro ya zo maka da wannan, kada ka fara da sanarwar horo a gaban jama'a, ka fara da raka shi asibiti. Kafin nan, ka ajiye makullin, ko da za a ƙwace babur ɗin.

Lokacin manyan tarurruka yana zuwa, zumuntar mata da matasa da mawaƙa za su yi shatar motoci zuwa nesa. Mun saba mu tsaya a da'ira mu roƙi Ubangiji tafiya lafiya, wannan kuwa daidai ne. Bayan an ce amin, shugaban tafiya ya matsa kusa da direba ya dubi idonsa, ya tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta jiya. In tafiyar ta wuce wuni guda a nemi direba na biyu, a sa kuɗinsa cikin kasafi tun daga gida, a kuma daina matsa wa direba ya juyo da dare bayan taron kwana uku don kawai a rage kuɗin kwana. In kuwa an ga alamar maye, a sauke kaya a nemi wata mota, ko da za a rasa sujadar buɗe taro.